Muryoyin da Ban Goge Ba

Litinin, bayan la'asar

An watse daga sadakar bakwai, an bar mini tabarmi da tulin kwanuka. Sun tafi da Anisa. Inna, mahaifiyar marigayi, ta ce za ta riƙe ta a Dawce har takaba ta ƙare. Tana ƙulle kayan yarinyar a zani take faɗa, ko inda nake ba ta duba ba. Me zan ce? Ƴar fari ce. Uwa ba ta kama sunan ƴar fari a gaban surukai, balle ta riƙe mata hannu ta ce a bar mata ita. Na sunkuyar da kai yadda aka koya mini, ina jin ƙarar kabu-kabun har ta ɓace.

A nan dai babu mai hana ni. Anisa. Shekararta shida, haƙorinta na gaba yana motsi, kuma ba ta cin miyar kuka ko za a yanka ta.

Ba fita, ba kwalli, ba lekwal, makarantar da nake koyarwa. Darakta ya aiko cewa wata za ta riƙe ajina. Sai ni da kwalin littattafai.

Laraba, hantsi

Na gama littafin maigadin da aka tsinci gawarsa a sito ɗin auduga. Shirme ne. Tun babi na biyu na san matarsa ce, don marubucin ya sa ta kuka mai kyau da hankici. Wannan mutumin bai taɓa ganin mai takaba ba. Ba kuka ke damunta ba, baƙi ne, da zaman tabarma har ƙugu ya ƙage, da amsa "ya haƙuri" har baki ya bushe. Shi kuma ɗan sandan ciki, kowa ya gani sai ya ƙura masa ido ya yi shiru, wai basira.

Da a da ne, da tuni na zazzage wannan a gurup ɗinmu. Mu huɗu ne a salula, wato wayar hannu: ni, da Saratu matar Alhaji mai shagon siminti, da Habsatu da ke Damagaram mai aiko mana littattafan a motar tasha, sai Hawa maƙwabciyata. Hawa ba ta yi nisa a lekwal ba, ba ta karanta Faransanci, shi ya sa ba ma rubutu. Bokal muke yi, saƙon murya, mu ba ta labarin, ita kuma ta yanke wa mutanen ciki hukunci. Ta fi mu duka iya tsiya.

Tun ranar da mijina ya faɗi a gona ya rasu babu wadda ta ce uffan a gurup ɗin.

Alhamis, azahar

Tuwon da na aika gidan liman an dawo da shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Wai sun ƙoshi. Gidan da ƴaƴa tara, yau su ne da ƙoshi.

Alhamis, magariba

Saratu ta fita daga gurup. Habsatu ta bi ta. Anisa na Dawce.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Yaya Bawa, wan marigayi, ya zo. Bai shigo ba, a bakin zaure ya tsaya ya yi sallama sama-sama. Na zauna bayan labule na gaishe shi. Sai na ji muryata tana fitowa daga aljihunsa.

Muryata ce, ba zan ce ba tawa ba ce. Ina dariya ina cewa: "Ai wannan wawiya ce. Da ni ce, a fura zan riƙa sa mashi, kaɗan-kaɗan, kullum. Wa zai gane? Sai dai a ce ajali." Iyakar abin da ke wurinsa ke nan, ba kai ba gindi.

"Madam," ya ce, haka yake kira na in zai ci mini fuska, "muryar wa ke nan?"

Na ce, "Yaya, labarin littafi ne. Wata matar mai kantin magani ce a cikin littafi, tun lokacin zafi muka yi hirar."

"Littafi. To, furar da aka kai mashi gona ran nan, ita ma littafi ya dama ta?"

Na ce majo, babban ma'aikacin likita, ya faɗa a gaban kowa, tansiyo ce, hawan jini, kuma marigayi ya bar shan ƙwayoyinsa tun yana ci-rani a Kano. Ya ce majo bai ji wannan ba lokacin da ya faɗa. Ya ce ba zai kai ni wurin jandarma ba, don ba ya son a ja sunan gidansu a ƙasa, amma jininsu ba zai tashi a hannun mai irin wannan baki ba. Ranar sadakar arba'in za a zauna gaban Malam Lawwali, malamin unguwa, a yanke maganar yarinya, ta zauna Dawce ke nan.

Na so in yi ihu. Mai takaba ba ta ɗaga murya, sai na ce masa ya gaida gida.

Asabar, da safe

Bawa, wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, yau shi ne mai bincike. An ce har gona ya je neman ƙwaryar furar, ya shinshina ta a gaban mutane. Allah ya sa akuya ce ta riga shi lashewa.

Lahadi, la'asar

Na koma kan tsofaffin bokal ɗin, na saurare su tun daga farko. Duk suna nan, ni ba na goge abu. A cikin nawa ban ambaci littafi ba ko sau ɗaya, don amsa nake bayarwa. Tambayar tana cikin na Hawa, wanda ya zo kafin nawa. Ita ta fara da matar mai kantin magani, ita kuma ta rufe da cewa, "To ke Ruƙayya, da ke ce matar littafin nan, ya za ki yi?" Duk wanda ya ji wannan ya san wasa ake.

Amma tsakanin farkon da ƙarshen akwai abin da ta faɗa a kan mijinta Sa'adu. Ba zan rubuta shi ba.

Wa ya fitar da nawa shi kaɗai? A littafi da yanzu na jera su ina auna kowa. Saratu, wadda salularta ke yini a hannun ƴaƴan Alhaji. Habsatu, mai tura wa duniya duk abin da ya ba ta dariya. Na gaji kafin in kai ko'ina. A littafi in an gano mai laifi an gama. Ni ko na gano, Anisa na Dawce.

Litinin, hantsi

Na kira Saratu. Sai da ya yi ta ringi kafin ta ɗauka, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata.

Na ce, "Hajiya, kalma ɗaya nake so. Ki aika wa Malam Lawwali cewa hirar littafi ce."

"Ruƙayya, ki rufa mani asiri. Alhaji bai san ina cikin wani gurup ba. Ke dai ki yi ta addu'a, gaskiya ba ta ɓacewa."

Na ce, "Tawa ta ɓace, tana aljihun Bawa."

Ta ce ana kiranta. Wannan ita ce matar da ta yi mana wa'azin sa'a guda a kan wani littafi, wai abin da ya fi ƙona mata rai shi ne shaidun da suka yi shiru aka rataye bawan Allah. Har kuka ta yi a bokal. Ina da shi, in tana son ji.

Habsatu ba ta ɗauka ba.

Laraba, azahar

Na bar na kisan kai, na ɗauko tsohon littafin nan mai kauri da aka tilasta mana a lise, babbar sakandare. Wata baiwar Allah ce a ƙasar sanyi, dangin mijinta suka ƙwace mata gida, ta zauna a ɗakin baya tana saƙa tana jiran ɗan'uwanta ya zo ya yi magana a madadinta. Shafi bayan shafi tana saƙa. Ina budurwa na yi mata kuka, har na samu maki mai kyau da na rubuta cewa haƙurinta shi ne darajarta. Yau ji nake kamar in shiga littafin in fizge zaren in kwaɗa mata mari. Ɗan'uwan ba zai zo ba, ke ma kin sani, marubucin ma ya sani, yana dai jin daɗin kallonki ne.

Namiji ne ya rubuta shi. Su suke son mace mai jira.

Alhamis, bayan asuba

An yi ruwa. Kowa ya tafi gona, unguwa tsit. Gonarmu Bawa ke nome ta yanzu, ban tambaya ba, ba a gaya mini ba.

Juma'a, la'asar

Ina shanya a bayan ɗaki na ji "psst" ta kan katanga. Hawa ce, ta taka turmi, idonta kawai nake gani da bakin ɗankwali. Tun rasuwar sau ɗaya ta shigo, cikin ayarin mata, ta zauna can nesa.

"Ruƙayya, kin goge?"

Na ce, "Ina wuni, Hawa. Ya yara? Ni ma lafiya lau, tunda kin tambaya."

"Don girman Allah ki bar wannan. Na san naki na nan, ke ba ki goge abu. Kin san saura igiya ɗaya tsakanina da Baban Rahama. Saki biyu ya yi mani. In ya ji abin nan, wallahi na gama, kuma ba zai bar mani Rahama ba."

Na ce to ta zo ranar arba'in da bakinta ta ce hirar littafi ce, ba sai an kunna komai ba. Ta ce in ta buɗe baki Sa'adu zai tambayi wace hira, da wa, a wace salula, shi da ya hana ta ko rediyo in ba ya gari. Ta ce, "Ke kina da aiki, kina da albashi. Anisa ko tana Dawce ai tana hannun kakarta, ba daji aka kai ta ba. Ni ina za ni?"

Ba daji aka kai ta ba. Daga bakin Hawa, wadda na riƙe wa hannu ranar da ta haifi Rahama.

Ta yi ta magiya tana kuka har turmin ya fara rawa. Na ce mata to. Ta ce in rantse. Na ce mai takaba ba ta yawan rantsuwa, ban san ma inda na samo wannan ba. Ta sauka.

Asabar, hantsi

Ban goge ba.

Lahadi, magariba

Na kira Dawce a salular mai shagon kusa da gidan Inna. Aka kira mini ita, tana haki don gudu.

"Umma, haƙorina ya fita! Inna ta cire da zare."

Na ce ta buɗe baki in gani, sai ta yi dariya ta ce ai ba a gani a salula. Na tambaye ta me take ci. Ta ce kuka, kullum kuka, in ba ta ci ba babu wani. Sannan ta ce, "Umma, Inna ta ce ba za a sa ni lekwal ba. Wai karatu ne ya ɓata ki. Me ya ɓace maki?"

Kafin in amsa na ji muryar Inna daga nesa, aka kashe.

Na tsani matar nan. Na rubuta, kuma ba zan kankare ba. Na tsani Bawa, na tsani Saratu da hawayenta na littafi, na tsani labulen nan da nake zama a bayansa kamar kayan da aka ajiye.

Talata, azahar

Wani sabon littafi na fara, na likitan da ake zargi da kashe majinyacinsa. Na kai rabi na jefar. Duk garin sun juya masa baya, amma yana da aboki ɗaya mai yawo gida-gida yana wanke shi. Ƙarya ce. Abokin nan ba shi da mata ne, ba shi da suruki, ba ya tsoron kowa? A ina ake sayar da irinsa?

Laraba

Rahama na wasan ƴar carafke ita kaɗai a bayan katanga. Tana yi wa Anisa nata jifan, tana cewa "saura ke".

Juma'a, da safe

Na gwada ko zan iya kunna farkon na Hawa in tsallake tsakiyar in kamo ƙarshen. Kullum sai in faɗa daidai kan sunan Sa'adu. Ko na iya ma, Bawa zai ce na yanke, shi da ya zo da yankakke.

Na sa salular a sharji. Gobe arba'in.

Asabar, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki, don in an jima kowa zai ba da nasa.

Bayan an yi addu'a an raba waina, maza suka rage a zaure. Malam Lawwali, Bawa, baffana da ya zo daga Ɗan Barto, da maƙwabta. Inna na tsakar gida da mata, Anisa a gefenta an ɗaura mata wani zani da ya fi ƙarfinta. Ta ganni ta yunƙura, Inna ta danne mata kafaɗa. Na zauna bayan labule. Ta ƙasansa ina ganin takalman maza, na gane na Sa'adu, masu igiya, irin na Legas.

Bawa ya kunna muryata. Wani ya ce a'uzubillahi. Baffana ya fara ba da haƙuri, haƙuri fa, kamar an riga an kama ni. Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Ƴata, kina da abin cewa?"

Na ce hirar littafi ce. Ya ce akwai mai shaida? Na ce akwai, tana tsakar gida. Na jira. Wallahi na jira, har na juya na dube ta. Hawa na zaune bakin rijiya, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana tsintar tsakuwa a ƙasa.

Malam ya ce idan babu shaida, to a bar yarinya wurin kakarta ya fi kwanciyar hankali, ba don an tabbatar da komai ba. Inna ta ce, "Alhamdulillahi." Sai na miƙa salular ta gefen labule na ce, "Malam, a danna wannan. A bar shi ya kai ƙarshe."

Muryar Hawa ta cika zauren, sakakkiya, irin ta lokacin da maza ba sa gari. "Ke Ruƙayya, matar mai kantin maganin nan ta littafinki ta burge ni! Wallahi da zan samu ragowar maganin, da Sa'adu bai ga damina ba. Ni fa ranar da ya hau motar Legas nake fara ƙiba. Mutum ga minshari, ga baƙin rai, ga shi in ya shigo ɗaki ko kaza ba ta tsoron shi, sai cika baki a waje." Sai dariyarta, sai tambayar. Sai nawa ya biyo, daidai inda Bawa ya yanko.

Wani daga cikin maƙwabta ya yi dariya. Ƴar ƙarama ce, ya maida ta tari, amma kowa ya ji. Takalman Legas suka tashi suka fita.

Malam ya ce wannan zancen banza ne na mata, Allah ya shirye mu, amma ba zancen kisa ba ne, kuma wanda ya yanko rabin magana ya yaɗa ya ji tsoron Allah. Bawa ya fara wani "amma", Malam ya ce ya isa. Ni kuma na ɗaga murya, a gaban surukai, a cikin takaba, na ce a ba ni ƴata yau ɗin nan. Inna ta ce ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba. Na ce ta gani yau.

Da na waiga bakin rijiya babu kowa.

Lahadi, hantsi

Anisa ta tashe ni da wasa da kunnena. Ta rame, ƙafafunta duk kaushi. Na yi mata wanka sau biyu, na dafa mata shinkafa da wake, ta ci har tana nishi. Giɓin ya yi mata kyau.

Daga bayan katanga babu motsi. Ko tsintsiya ban ji ba.

Litinin, azahar

Na ba ta zaɓi. Na ce ta zo da bakinta. Na jira ta, kowa ya ga na jira. Ita ta faɗi maganar, ba ni na sa mata a baki ba. Ƴarta ce ko tawa, kuma da ita ce a bayan labulen nan da abin da za ta yi ke nan.

Saratu ta aiko da bokal, wai barka, dama ta san gaskiya za ta fito. Ban amsa ba.

Laraba, la'asar

Da hantsi amalanke ta tsaya ƙofar gidan Sa'adu. Ta zaure na leƙa. Gado, katifa, kwalla biyu, da buhun kwanuka. Ƙanen Hawa ne ya zo ɗaukarta. Ta fito da jaririnta a baya, ba ta dubi ƙofata ba, ni ma ban so ta duba ba. Sa'adu na tsaye riƙe da hannun Rahama har amalanken ta sha kwana wajen kasuwa, sannan ya sake ta ya tafi gona.

Ba a jima ba Anisa ta shigo tana jan ta. Kan Rahama rabi kitso, rabi a tsefe ya yi buzu-buzu, matsefin na soke a ciki. Jiya da yamma uwar ta fara mata, ba a bar ta ta gama ba.

"Umma, ki ƙarasa mata," in ji Anisa.

Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna. Hawa ta riga ta tsaga layukan har ƙeya, sirara, miƙaƙƙu, ni dai bi kawai nake. Hannuna bai kai nata ba, nawa ɓangaren ya fito kauri-kauri, ya karkace. Yarinyar ta shafa gefen uwarta, ta shafa nawa.

Ta ce, "Madam, in Ummata ta dawo za ta kwance naki ta sake, ko?"

Na ce mata ta daina motsi.